In Ji Wa?

Shekara ashirin da tara Malam Kundi ya yi yana koyar da harshe da insha'i a makarantar sakandare guda, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ganin ya shiga aji babu baƙin littafin nan a hammatarsa ba. Daga littafin ne ɗalibai suka raɗa masa suna, har sunansa na yanka ya koma sai a takardun ofis. Littafi ne mai kaurin bango, an sake ɗinke shi sau uku, gefen shafukansa ya yi baƙi saboda yawan buɗawa. Abin da ke ciki kuwa jimloli ne zalla, masu daɗin kunne, irin waɗanda mutum zai gyaɗa wa kai tun kafin ya tambayi kansa me aka ce.

Tun yana kwalejin horon malamai ya fara tara su. Mahaifinsa ma'aikacin masaƙa ne, shekara talatin yana tsaye gaban injin saƙa, bai iya rubuta ko sunansa ba, kuma ƙarar inji ta saba masa da gajeriyar magana, kalma uku ko huɗu ya gama. Sai ɗan ya tashi da yunwar kalma. Duk inda ya ci karo da zance mai armashi, a littafi ne, a jarida, a rediyo, ko a bakin mai lacca, sai ya zaro biro ya kwafe. Wani lokaci wata jimlar ta faɗo masa daga kansa, ita ma ya rubuta ta a layin da ke biye. Bai taɓa sa sunan mai magana ba, balle shafi ko kwanan wata. A ganinsa wannan aikin marasa abin yi ne.

Kuma ya iya faɗar su, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Kowace Alhamis yana da darasin da yake kira zubi. Zai tsaya a tsakiyar aji ya buɗe kundin, ya yi gyaran murya, ya karanto jimla uku na buɗe insha'i da uku na rufewa, yara su rubuta su haddace. Ko jarrabawa ta zo da batun tsafta, ko ta zo da batun zaman lafiya, ɗalibin Malam Kundi yana da ƙofar shiga da ƙofar fita, tsakiyar ce kawai sai yadda Allah ya yi. Suna cin jarrabawa kuwa. Duk taron da makaranta za ta yi shi ake miƙa wa makirufo, iyaye su tafi gida suna cewa makarantar nan akwai malamai.

Yana cikin shekararsa ta goma sha biyu aka turo sabuwar malamar tarihi. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana, kullum da filas ɗin shayi da jan biro. Tun makon farko ta sa kowane ɗalibi ya zo da kwalin biskit, suka yayyanka shi ƙanana-ƙanana kamar tafin hannu. Ta ce duk abin da suka karanta suke son amfani da shi, su rubuta shi a gaban kati, a bayan katin kuma su rubuta wanda ya faɗa, da littafin, da shekara, da shafi. Idan hira aka yi da wani tsoho, a rubuta sunansa da ranar da wurin. Wanda ya kawo mata rubutu da magana babu kati, za ta zagaye maganar da ja ta rubuta kalma uku a gefe: in ji wa? Kafin zangon ya ƙare ta zama Malama In-ji-wa, kuma babu malamin da yara suka tsana kamarta.

Da farko tausayinta ma yake ji. A ofishin malamai yakan ce baiwar Allah ta mai da aji shagon yankan kwali, a yi dariya, ita ko ta ci gaba da shan shayinta, ko a jikinta. Sai wata rana wani ɗalibi ya buɗe aikin tarihinsa da jimlar da Malam ya fi ji da ita duk cikin kundin: gari ba tarin gine-gine ba ne, numfashin mutanensa ne da ya daskare ya zama bango. Malama ta zagaye ta, ta yi tambayarta. Ɗalibin, don ya nuna shi ma yana da hujja, ya rubuta a ƙasa cewa in ji Malam Kundi. Takarda ta dawo masa da ƙarin ja: shi kuma in ji wa?

Kafin a tashi ranar labarin ya zagaye makaranta. Malam ya yi ta maza, ya taya su dariya, har da cewa in ji kansa da Allah ya ɗora masa a wuya. Amma daga ranar bai sake yi mata tayin kujera ba, ya kuma ja teburinsa ya koma kusa da ƙofa, ya bar ta a bayan kabad, inda ba sai ya riƙa kallonta ba.

Kishin gaske bai fara ba sai da ɗaliban da suka yi ajinta suka fara dawowa hutu daga jami'a. Sukan shigo ofishin malamai su biyu su uku, su fara da shi, don teburinsa ne kusa da ƙofa. Su rusuna, su gaishe shi, wani ya miƙe ya kwaikwayi gyaran muryarsa ya rero jimlar nan ta gari, kowa ya ƙyalƙyale. Minti biyar an gama da shi. Sai ɗaya ya tambaya ko Malama tana nan. Daga nan su zagaya bayan kabad su jawo benci, kuma sai su yi awa guda.

Kabad katako ne, ba ya hana ji. Yana zaune da tarin littattafan da yake dubawa, biro a hannu ba ya motsi, yana jin komai. Wata ta ce a ajinsu na mutum ɗari biyu malamin ya dawo wa kusan kowa da aikinsa na farko, ya ce ba ra'ayinsu ya tambaya ba, su nuna masa inda suka samo. Ita kuwa ya ɗaga nata a gaban aji ya tambaye ta wace makaranta ta yi. Wani ya ce abokin ɗakinsa, mai kai sosai, an kira shi gaban kwamiti saboda sakin layi biyu da ya kwafo bai ce daga ina ba, yana rantsuwa bai san laifi ba ne, an dai sa shi maimaita shekara. Wani kuma ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne idan ya jera katunansa a kan katifa, sai ya ga wannan marubucin ya saɓa wa wancan, daga nan sai ya ga shi ma yana da ta cewa. Suna zaro takardunsu masu maki suna nuna mata. Ita ba ta cewa komai sai madalla, wani lokaci ma ta nuna musu inda suka manta shafi.

Babu wanda ya taɓa kawo wa Malam Kundi takarda daga jami'a. Ya sani, domin yana ƙirgawa. A wani hutu ya ƙirga mutum goma sha tara da suka zagaya bayan kabad, a cikinsu goma sha ɗaya shi ya ba su jimlolin da suka ci jarrabawar da ta kai su can. Abin yana cin ransa, kuma ba irin abin da namiji mai furfura zai faɗa wa kowa ba ne. Sai ya koma neman aibunta. Ya ce ba ta iya jawabi ba, gaskiya ne. Ya ce rubutun yaranta babu gishiri, wannan ma da ƙamshin gaskiya. Ya ce idan aka biye mata, sai an nemi shaida kafin a ce rana ta fito. Duk ya faɗa, duk an yi dariya, kuma hutu na zagayowa bencin bayan kabad ya sake cika.

Duk wannan da sauƙi, har sai da abin ya shigo masa gida.

'Ya'yansa biyar, huɗu babu ruwansu da kundi. Auta ce kaɗai ta ɗauko shi. Tana da shekara tara ta haddace shafi ashirin na farko, idan ya yi baƙi sai ya kira ta falo ta tsaya ta rero, shi yana lumshe ido. Ya riga ya gama shirya mata rayuwa: za ta karanci harshe, za ta zama marubuciya, kuma littafinta na farko zai fara da sunansa. Sai ta shiga aji huɗu, ta faɗa hannun Malama. Wata rana ya dawo ya tarar da kwalin takalminsa a kan gadonta, takalman a ƙasa, kwalin cike da katuna an jera su da roba. Da ana cin abinci ya ce mutanen da sun fi na yanzu tsawon rai, sai ya ji an ce, cikin wasa, in ji wa, Baba? Yayyenta suka fashe da dariya. Mahaifiyarsu ta harare ta, amma ita ma bakinta yana motsi. Shi ya tsame hannunsa ya ce ya ƙoshi.

Da ta tashi cike takardar jami'a, tarihi ta zaɓa. Bai hana ta ba, ya sa mata albarka, ya ɗauki jakarta har tasha. A hanyar dawowa ne ya gaya wa matarsa cewa matar nan ta raba shi da 'yarsa. Matar ta ce ita dai ta san wadda ta yi naƙudar yarinyar, kuma ba ta ji an ce an canja ba. Ba irin amsar da yake nema ba ce.

A shekararta ta ƙarshe Auta ta zo hutu da labarin da ya faranta masa rai a karo na farko cikin shekara huɗu. Aikin kammala digirinta a kan masaƙar da aka rufe ne, da kwatas ɗin ma'aikatanta, inda kakanta ya yi aiki, inda shi Malam ya girma. Nan take ya ga dama ta samu. Wannan fagensa ne, Malama ba ta san ko ƙofar masaƙar ba. Washegari da hantsi ya kira Auta falo, ya buɗe kundin, ya ce ya ba ta kyautar jimlar nan ta gari, ta buɗe babin farko da ita. Ya gaya mata cewa ranar da aka rufe masaƙar ya yi ta, yana tsaye a bakin get yana kallon ma'aikata suna fitowa, ta taso masa daga ƙirji ɗungurungum.

Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Ta ce jimla ce mai kyau, ta fi kowa sani. Sannan ta tambaye shi, a hankali, ko ya rubuta kwanan wata a lokacin. Ya ce a'a. Ta tambaya ko ya taɓa buga ta a wani wuri. Ya ce shi ba ɗan jarida ba ne.

"Baba, ba zan iya sa ta ba sai na tabbatar," ta ce. "Idan ta wani ce na sa sunanka, ni za a kira gaban kwamiti, kuma sunanka ne zai ɓaci."

"Ni kike tuhuma, Auta?"

"Ba tuhuma ba ce. Ko Malama ce ta ba ni, haka zan yi mata."

Wannan ne ya fi komai ƙona shi, cewa ko a rarrashi sai an sako ta. Ya rufe kundin ya ce ta tashi ta ba shi wuri. Kwana uku ba ya amsa gaisuwarta sai da ka.

Ranar Litinin ya yi abin da bai yi ba cikin shekara goma sha bakwai: ya zagaya bayan kabad. Malama tana cike rajista. Bai zauna ba. Ya ce ta koya wa yara raina na gaba, ta mai da 'yarsa 'yar sanda a gidansa, ta shekara da shekaru tana shuka masa zato a kan jimlar da ya yi da kansa. Sauran malamai biyu da ke ofishin suka tuna suna da aji, suka fice. Ya ce idan tana da abin faɗa ta faɗa, amma ta kawo hujja. Sai da kalmar ta fita daga bakinsa ya ji irin abin da ya nema, da kuma wadda ya nema a wurinta.

Malama ta ce ya bar zancen ya fi. Ya ce ba zai bari ba. Sai ta jawo durowa ta fito da wani tsohon gwangwanin alawa, ta bi katunan ciki da yatsa ta zaro ɗaya da ya yi ruwan ƙasa. A gaba jimlarsa ce, kalma da kalma. A baya akwai sunan wani marubuci, da sunan littafi, da shafi na sittin da uku. Kwanan watan da ta rubuta a kusurwa na makon da ɗalibin nan ya kawo mata aikinsa ne.

Ya ce ana iya yin dace, mutum biyu su faɗi abu ɗaya. Ta ce ana iya yi. Ta ba shi makullin laburare, don ita ke riƙe da shi, ta gaya masa littafin yana kan kanta ta uku daga taga, layin ƙasa.

Littafin yana nan, siriri, bangonsa ya ɓare rabi. A shafi na sittin da uku an ja wa jimlar layi da fensir, irin layin nan mai ɗan ƙugiya a ƙarshe da shi kaɗai yake yi. Ya juya bangon baya, inda ake manna takardar masu aro. Mutum uku ne kawai suka taɓa aron littafin, na farkonsu shi ne, da sa hannunsa na samartaka mai jela, a shekararsa ta farko a makarantar. Masaƙar kuwa sai bayan shekaru aka rufe ta.

Ya zauna a kan kujerar ɗalibai, gwiwoyinsa suna taɓa teburin. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne bai yi ƙarya ba. Har yanzu yana ganin kansa a bakin get, yana jin jimlar tana taso masa. Ta taso ɗin kuwa, daga inda ya ajiye ta ya manta. Ya buɗe kundin a kan cinyarsa ya dubi jimla ɗari bakwai da wani abu, ya san akwai nasa a ciki, ya rantse akwai, amma da za a sa masa wuƙa a wuya ba zai iya nuna ko ɗaya ya ce wannan ce ba.

Da ya mai da makullin, Malama ta tsiyaya shayi a murfin filas ta tura masa.

"Ba sata ka yi ba, Malam, mantuwa ka yi," ta ce. "Sai dai kwamitin jami'a ba ya bambanta su."

Ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba, alhali yana yi mata ba'a a gaban mutane. Ta ce ba wanda ya tambaye ta. Bai sha shayin ba. A hanyarsa ta komawa teburinsa ya gane cewa ƙyashin da yake yi mata ya ƙaru, bai ragu ba: ta fi shi ɗalibai, ta fi shi gaskiya, yanzu kuma ta fi shi sirri, shekara goma sha bakwai tana riƙe da katin da zai kunyata shi tana shan shayi a kansa.

Alhamis ɗin makon babu zubi. Ya sa yara su karanta shafi goma su amsa tambayoyi, suka yi ta kallon juna. A gida bai ce wa Auta komai ba, sai dai ya koma amsa gaisuwarta da baki, ita ma ba ta tambaya ba.

Ana saura kwana biyu ta koma, ta same shi a falo da la'asar, wayarta a hannu da littafin rubutu. Ta ce ta yi hira da tsoffin ma'aikata shida, amma ba ta da ko ɗaya daga cikin 'ya'yansu, ko zai yarda ta naɗi muryarsa. Ya ce ai shi ba littafi ba ne, ba shi da shafi. Ta ce yana da rana da wuri, sun isa. Ta danna wayar, ta faɗi sunansa cikakke da kwanan wata, ta ajiye ta a kan tebur.

Hali ba ya barin mai shi cikin mako guda. Ya yi gyaran murya ya fara zuba, ya yi minti goma a kan guguwar zamani da hawayen injuna. Auta ta bar shi har ya gaji. Sannan ta fara ƙananan tambayoyi. Ƙarfe nawa jiniyar safe take kaɗawa? Biyar da rabi. Gida nawa ke amfani da famfo ɗaya a kwatas? Takwas, ya ce, sannan ya gyara ya ce goma, ya lissafo su da sunayen masu gidan. A wace shekara aka rufe? Ya faɗa. Da Kaka ya dawo gida ranar, me ya shigo da shi?

Ya buɗe baki, babu jimla ko ɗaya a kundin da ta dace da wannan. Sai ya faɗi abin da ya gani. Ya ce babu abin da ya shigo da shi sai kwanon abincinsa. Kullum yana dawowa da burbushin auduga a gashinsa da girarsa da cikin kunnensa, kullum kuma sai ya zauna a bakin ƙofa innarsu ta tsince masa tas kafin ya shiga ɗaki. Ranar ma ya zauna, ta miƙa hannu, sai ya riƙe mata hannun ya ce ta bar shi, na ƙarshe ne. Haka ya zauna da audugar a kansa har rana ta faɗi, babu wanda ya yi masa magana.

Malam ya dubi wayar da ke kan tebur. Shekara ashirin da wani abu bai tuna wannan ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, don bai ga abin faɗa a ciki ba. Ya ce ta goge wannan ɓangaren, babu tsari a maganar. Auta ta kashe wayar, ta share idonta da bakin mayafi, ta ce to, Baba. Irin to ɗin da mahaifiyarta take cewa ne idan ba za ta yi ba.

Bayan wata biyar ta dawo da aikin an ɗinke shi da koren bango. Ta ba shi da hannu biyu ta shige ciki. Ya sa tabarau, ya buɗe, kuma ba sai an faɗi shafin da ya fara nema ba. Sadaukarwa layi ɗaya ce, ga malamarta ta tarihi, wadda ta koya mata tambaya. Ya juya zuwa godiya. Yana can a sakin layi na uku, a cikin kalmar iyayena, shi da matarsa a dunƙule. Ya rufe, ya ajiye a hannun kujera, ya ce aiki ya yi kyau.

Matarsa tana ninke kaya a gefe, ba ta ɗago ba ta ce ya duba shafi na arba'in da ɗaya.

A tsakiyar shafin an shigar da wani sakin layi ciki, an ware shi daga sauran. Maganarsa ce, yadda ya faɗe ta, da kwanon abincin, da girar, da kunnen, ba a ƙara mata gishiri ba. A ƙasan shafin, da ƙananan baƙaƙe, ga sunansa na yanka da na mahaifinsa, malamin makaranta, ɗan ma'aikacin sashen saƙa, hira a falon gidansa, rana kaza. Biye da shi kuma an rubuta cewa shekarar da mai bayanin ya ambata ta saɓa da ta mutum biyu da kuma takardar sallama da aka gani, don haka an bi tasu. Ya karanta wannan ya ce yarinyar nan ba ta da kunya. Ya koma sama ya sake karanta sakin layin, sau uku. Sannan ya ƙirga shafukan da ke tsakanin sunan Malama da nasa, ya ga ta riga shi da arba'in, ya sake ƙirgawa ko ya yi kuskure.

Ranar Litinin ya tafi makaranta da koren littafin a hammata, baƙin yana gida a kan kabad. Tun daga ƙofar gida yake shirya yadda za a yi. Zai ajiye mata shi a buɗe, ya sa ta yi tambayar nan tata, shi kuma ya ba ta amsar da ya shekara goma sha bakwai yana son bayarwa da hujja a hannu: in ji ni.

Ya zagaya bayan kabad, ya buɗe shafin a gabanta, ya ɗora yatsa a kai. Malama ta ajiye murfin filas ta karanta a hankali, har ƙananan baƙaƙen ƙasa. Ta daɗe a kan layin ƙarshe na sakin layin. Sannan ta jawo durowa, ta ɗauko sabon kati, ta kwafi kalmomin nan, bar shi, na ƙarshe ne. Ta juya bayan katin ta tsaya da biro a sama.

"Tambaye ni," ya ce.

"In ji wa, Malam?"

Amsar tana kan harshensa. Ya dubi kalmomin da ta kwafa, guda biyar, gajeru, na mutumin da bai taɓa riƙe biro ba, wanda babu jimlarsa ko ɗaya a cikin ɗari bakwai na kundin. Ya cire tabarau ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"In ji mahaifina," ya ce. "Ni ina wurin ne kawai, na ji da kunnena."

Malama ta tambaye shi yadda ake rubuta sunan tsohon. Ya jawo bencin nan na ɗalibai ya zauna, ya faɗa mata harafi-harafi.